Kafin Shamuwa Ta Sauka a Tsamiyarmu

Mardjandafak, N'Djamena
Litinin, cikin watan Shawwal

Zuwa ga ƙanena Abdulbaƙi, a Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

"Yaya, muddin ina numfashi babu ƙarfen da zai taɓa tsamiyar nan." Maganarka ce, ba tawa ba. Ka faɗe ta ranar sadakar ukun Baba, kana tsaye a gindinta, hannunka ɗaya a jikinta, ɗayan yana share hawaye, dattawan unguwa suna ji. Na sa ta gaba da gaisuwa ne don in fara tabbatarwa ko kana numfashi har yanzu, tunda Inusa ɗan Baffa ya shigo gidan nan da mai saran itace ya ce kai ka ba shi izini ta waya. In numfashin yana nan, to alhamdu lillahi, sai mu gaisa.

Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Khairiyya da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a nemanka, ya karɓi ibadar da kuka yi a watan da ya wuce. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ka sani, wanda bana ya zo da ƙarfinsa, ga wutar lantarki sai ta ga dama take leƙo mu. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa bakin ƙofa ba sanda. Turaren da ka aiko mata ya iso, ta ɓoye shi a ƙasan akwati kamar yadda take ɓoye duk abin da take so. 'Yata Mairama ta sauka lafiya a gidanta na Klémat, an sami namiji, an sa masa Junaid, kuma duk wanda ya gan shi sai ya ce kunnuwanka ne ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsu. Maigidana Dawuda yana nan yana fama da tsohuwar motarsa, yana gaishe ka.

Na zaɓi in rubuta da hannu, in ɗauki hoton takardun in turo maka, domin na san halinka a waya. Da na fara magana sai ka ce Yaya Malama ta hau, ka yi dariya, ka tambayi lafiyar awaki, kafin in ankara layi ya yanke. Takarda ba ta yankewa, kuma ba ta jin zolaya. Ka nemi wuri ka zauna.

Ga abin da ya faru. Bayan Sallah da 'yan kwanaki na dawo daga lise, sakandaren da nake koyarwa, da rana tsaka, na tarar da Inusa ɗan Baffa a tsakar gida da igiyar awo, tare da wani mutum mai suna Muttaka, wanda sana'arsa ce kayar da itatuwa da injin zarto. Inusa ya ce mini kun gama magana: za a sare tsamiya, a ja shaguna daga bakin titi har inda take, hayarsu ta riƙa ɗaukar maganin Inna da cefanenta. Ya ce ya gaya maka itaciyar ta mutu a tsaye, kuma shamuwa ta daina zuwa. Na tambaye shi, in ta mutu, tsamiyar da matarsa ta aiko aka cika mata ƙwarya don kunun azumi, daga jikin wace gawa aka tsinko ta? Ya ce shi ba gardama ya zo yi ba. Reshe ɗaya ne ya bushe, Abdulbaƙi, wanda ya miƙe ta kan katangar maƙwabta. Sheƙunan bara kuwa suna nan a sama, duk mai wuya zai iya ɗaga kai ya gani.

Shi Muttaka mutumin kirki ne. Sai da ya zagaya itaciyar ya ɗaga kai ya duba. Sannan ya ce wa Inusa zai yi aikin in dai babu kowa a sama, amma ranar da shamuwa ta ajiye ko tsinke ɗaya a kan reshe, to ba shi ba, kuma bai san mai zarto a garin nan da zai kayar da itacen da baƙuwa ta sauka a kai ba. Inusa ya san da haka tun kafin ya zo, shi ya sa yake sauri kamar mai gudun ruwa. Muttaka yana da wani aiki a hannu, don haka aka tsayar da ranar zuwa Asabar ɗin nan da ke tafe. Wato ɗan'uwanka ya shiga tsere da tsuntsaye, kuma da sunanka ya shiga.

Ka daɗe da barin gida, bari in tuna maka abin da ake shirin sarewa, ko don ka karanta wa yaranka da ba su taɓa ganinta ba. Kakanmu Waliyyullahi ya baro ƙasar Katsina da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a garin nan ya huta ya nemi guzuri, hutun da bai ƙare ba har aka binne shi. 'Ya'yan tsamiyar da suka rage a jakar guzurinsa ya shuka. Da ta girma shamuwa ta fara sheƙa a kanta, sai ya ce waɗannan su ne ke ƙarasa tafiyar da shi bai ƙarasa ba, daga Makka suke dawowa, don haka a fita a tarye su kamar yadda ake taryar alhazai. Daga nan tariyar shamuwa ta zama al'adar gidanmu. Duk bazara Baba zai kwashe mu da tabarmi da gumba, mu fita gabas da gari, mu kwana a daji, mu zauna muna fuskantar alƙibla muna jira. Kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa haɗuwa da su ba. Kullum sai mu dawo da cizon sauro da kumburarrun idanu mu tarar sun riga mu gida, suna tsaitsaye a kan tsamiya suna kallonmu, Inna tana dariya a bakin murhu. Baba sai ya gyara hula ya ce sun bi ta sama sosai ne bana.

Sai da na girma na karanta na gane dalili. Shamuwa daga kudu take zuwa, daga can ƙasan Afirka, tana bin ruwan sama da fari. Duk shekarun nan baya muka ba ta. Da na gaya wa Baba sai ya ce littafin Nasara ne, Nasara kuwa bai taɓa zuwa Makka ba, ina zai sani. Ban ƙara ja da shi ba, na ci gaba da bin sa gabas har ƙafarsa ta gaza.

Ranar da Inusa ya naɗe igiyarsa ya fita, na zauna a gindin tsamiya ina tafasa. Abu ɗaya nake son in sani: ina suke, kuma za su riga zarto isowa ko kuwa? Na ce wa Dawuda ya duba motarsa, ƙarshen mako za mu tariya, amma bana kudu za mu. Ƙawata Murja ta ji labari ta ce da ita za a je. Ba ka san ta ba, Bazazzagiya ce, ba ta daɗe da zuwa garin nan ba, tana fataucin atamfa ta gadar Ngueli da ke kan iyaka. Ta ce ba ta taɓa kwana a daji ba, kuma tana so ta ga abin da ke sa mace mai miji da albashi ta riƙa bin tsuntsaye. Mairama ta zo ta zauna da Inna, mu kuma muka loda tamfol da gidajen sauro da jarkokin ruwa da gumba da kilishi da kayan shayi. Na ɗauki madubin hangen nesa, wanda a makaranta muke kira jumel, da tsohon littafina na tsuntsaye da bangonsa ya rabu da shi tuntuni.

Muka wuce Mandelia, muka bar kwalta, motar Dawuda tana tari tana addu'a, har muka kai wani ƙauyen masunta a bakin kogin Shari. Muka gaida bulama, wato mai garin ƙauyen, muka nemi izinin sauka. Da na gaya masa abin da ya kawo mu, ya dubi Dawuda da tausayi, sannan ya nuna mana wani gawo babba a kan gaɓa. Ka san gawo, shi ne ke yin ganye lokacin da sauran itatuwa suka zubar, don haka muka sami inuwa. Ruwa ya janye sosai, yashi ya fito fari tas, tafkuna sun rage nan da can, kuma duk mai fiffike a wannan yanki a nan yake taruwa. Murja, da na ba ta labarin Baba a mota, ta shimfiɗa tabarmarta tana fuskantar gabas. Ta ce ita tana bayan tsoho, ba za ta bi littafin da ko bango ba shi da shi ba.

Da asuba, kafin mu idar da salla, zakaran ƙeƙuwa ya fara ihu a kan yashi kamar an taka masa gona, shi da baƙar hularsa da farin kumatu. Rana na fitowa sai ga kirinjijiya garke guda, suna tafe suna fito, fuskokinsu farare kamar sun leƙa cikin buhun gari. Dinya suka sauka da nauyinsu a tafkin da ke gabanmu. Can gefe zalɓe ya tsaya shi kaɗai bai ko motsi, ya yi mini kama da sufeton makaranta da ya zo ba sanarwa. Da makiyaya suka kawo shanu shan ruwa, belbela na biye da su ƙafa da ƙafa, carki kuma na hawa bayansu yana cire kaska. Sannan gauraka biyu suka fito daga cikin ciyawa da rawanin zinariyarsu, suka rusuna wa juna, suka yi tsalle, suka buɗe fikafikai. Murja ta ajiye kofin shayi ba ta sani ba. Ta ce ita duk zamanta a duniya tsuntsu iri uku ta sani, wanda ake ci, da wanda ke cin kaji, da wanda ke ɓata shanya.

Sai na koya mata yadda nake koya wa 'yan ajina. Na ce kada ta fara da launi, launi yana yaudara, musamman daga nesa ko in rana tana bayan tsuntsu. Ta fara da girma: ya kai kurciya, ko kaza, ko ya fi? Sai baki, gajere ne ko dogo, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. Sai ƙafafu. Sai yadda yake tashi, domin zalɓe yana naɗe wuyansa in yana sama, shamuwa kuwa miƙe nata take yi, ƙafafu na biye a baya. Kafin azahar Murja ta ƙwace madubin ta hana ni. Ita ta gano wasu jajayen tsuntsaye masu shuɗin kai da dogon wutsiya, da suka huhhuda gaɓar kogi da ramuka suna shiga suna fita, suna cafke ƙwari a iska. Na san sunansu a littafi, amma ban san na Hausa ba, kuma na ji kunyar hakan, don da Baba yana nan da ya faɗa mini. Murja ta ce ba komai, ta raɗa musu Hajiya Mai Jan Leshi, kuma da wannan sunan muka kira su har muka taso.

A kan gawon da muka sauka akwai cilakowa, yana ta kai da kawowa da dogon bakinsa. Na ba su labarin yadda macen ke zama cikin kogon itace, a toshe bakin kogon sai 'yar kafa, namijin yana kawo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Dawuda ya ce lallai wannan tsuntsu ya san tsarin gida. Na ce masa ai macen ce ke toshe ƙofar da kanta daga ciki, don ta huta da surutunsa. Murja ta yi dariya har dorina ta yi huci a cikin ruwa, dariyar ta koma salati, ta tsallake jarka biyu ta faɗa mota ta kulle. Da yamma kuma tsattsewa suka riƙa wucewa ƙasa-ƙasa, dukkansu arewa suka nufa, za su tsallake hamada da teku su koma inda aka ƙyanƙyashe su. Na tsaya ina kallonsu ina tunaninka. Tsuntsun da bai cika tafin hannu ba ya san hanyar gida, kuma ba sai an kira shi a waya ba.

Washegari da la'asar Murja ta rangaɗa guɗa. Can ƙetaren ruwa ga wasu manyan baƙaƙen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sun sauka da yawa. Dawuda ya fara kwance ƙullin gumba, ni kuma na yi maza na karɓi madubin. Girman ya yi daidai, ƙafafun sun yi daidai, wuyan ma haka. Amma da ɗaya ya juyo, cikinsa baƙi ne ƙirin, babu farin nan na shamuwa, kuma bakinsa bai haɗuwa a tsakiya, akwai kafa ko ya rufe shi. Masu cin dodon koɗi ne, dangin nesa, ba baƙinmu ba. Wallahi na so in yi wa kaina ƙarya. Murja ta ce baƙi dai baƙi ne, mu ɗauki hoto daga nesa mu kai wa Muttaka mu ce sun iso. Na ce mata sharaɗin Muttaka tsinke ne a kan reshe, ba hoto a waya ba, kuma mutum ɗaya ne ya yi gaskiya a cikin wannan magana, ba shi zan cuta ba. Wannan yammacin na yi fushi da kai ƙwarai, Abdulbaƙi. Na ce dubi inda ka kawo ni, mace da jika, ina leƙen cikin tsuntsaye a bakin kogi ko za su cece ni daga ƙanena.

Kafin magariba sai kudu ta yi duhu, iska mai sanyi ta taso da ƙanshin ƙasar da ta sha ruwa, ko da yake ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Da safe muna naɗe tamfol za mu koma, manoman ƙauyen suka sa wa sassabensu wuta, hayaƙi ya miƙe, shirwa suka taru a kansa kamar yadda suka saba. Na ɗaga madubin ne kawai don in yi wa wurin kallon ƙarshe. Can sama da shirwar, sama sosai kamar yadda Baba ke faɗa, na ga wasu ɗige-ɗige suna kewayawa ba sa ko kaɗa fiffike. Wuya a miƙe. Ƙafafu a baya. Fikafikai baƙaƙe. Na jira su juya, suka juya, rana ta haske cikinsu fari fat.

Suka yi ta saukowa suna kewayawa har suka sauka a gefen gonar da ta ƙone, suka shiga takawa a natse suna tsintar farin da wuta ta koro, kamar mata a kasuwa da ba sa sauri. Na matsa a hankali har na ga shuɗin fuskarsu, da jan da ke gaban ido, da jajayen gwiwoyi, da farin da ke gadon bayansu in sun buɗe fiffike. Murja fa tana nan tana kurɓar shayi tana kallon gabas, sai da Dawuda ya ce mata ta waiwaya. Wannan karon ba ta yi guɗa ba, ta dafe baki kawai. Ni kuwa, da 'yan ajina ke cewa ko albasa ba ta sa ni hawaye, na ji bakina yana faɗin gaisuwar da Baba ya tanada shekara da shekaru bai sami faɗa ba, ina yi wa alhazai maraba, ina tambayarsu hanya. Dawuda ya ɗaga hannu muka yi wa Baba da Waliyyullahi addu'a. Gumbar muka raba wa matan masunta, bulama ya karɓi tasa ya ce ashe dai ba hauka ba ne, ko kuma hauka ne mai kyau. Tun daga kakanmu ake fita tariyar nan, sai bana aka tare su, kuma kai kaɗai na so a ce kana wurin. A mota na buɗe littafina na ga ashe wasu kaɗan daga cikinsu suna sheƙa a wajen Yaman, kudu da kai. Ka ga Baba bai yi kuskure duka ba. Da yana nan da ya ce dama ya faɗa.

To amma ba sauri suke yi ba. Inda abinci yake nan suke tsayawa, kuma mutanen ƙauyen sun ce sukan zauna har fari ya ƙare ko ruwa ya matsa arewa. Suna iya isowa cikin makon nan, suna iya kaiwa na gaba. Ba zan rataya tsamiyar kakanmu a kan wannan ba. Kuma ko da na tabbata gobe za su sauka, ba na son tsuntsu ya cika maka alkawarinka. Kai ka ɗauka, kai za ka cika.

Na san ba mugunta ce ta sa ka amsa wa Inusa ba. Inna kake tunani, kuma ban taɓa roƙonka abu a kanta ka ce babu ba, wannan shaidar zan ba ka ko a gaban wa. Laifinka shi ne ka ji magana daga baki ɗaya ka yanke hukunci daga Jidda, ba ka tambayi wadda ke share ganyen itaciyar kowace safiya ba. In shaguna kake so, ga wuri. A ɗauki zaure da ɗakin baƙi na Baba da ke bakin titi, a haɗa da kicin ɗina, ni na koma girki a rumfa, dama can na fi son iska. Na kira Zakariya magini ya duba, ya ce shago biyu za su fita ba tare da an kusanci saiwa ba. Busasshen reshen kuma Muttaka ya sare shi, a biya shi aikinsa, kowa ya tashi da mutuncinsa, har Inusa. Amma ka sani inuwar nan tana cikin maganin Inna. A nan take wuni, a nan take jan carbi, a nan 'yan'uwanta ke samunta. Ban gaya mata komai ba, sai dai tsufa ba wauta ba ne. Ta ga igiyar awo. Tun ranar ta sa aka matsar da tabarmarta har jikin itaciyar, ta jingina bayanta da ita. Da na dawo na gaya mata mun gan su da idonmu, ta kama hannuna ta ce in sake faɗa, na sake. Yanzu ta sa an surfa gero an ajiye don gumbar sadaka, kuma kowace safiya kafin ta tambayi shayi sai ta tambaya ko sun sauka.

Ka gaida Khairiyya da kyau, ka ce mata na ga hoton ɗinkinta, hannunta ya faɗa. Ka shafa mini kan Abdulmutallib da Nuriyya, ka ce Gwaggonsu tana da madubin da ke jawo nesa kusa, yana jiransu. Inna tana sa muku albarka. Dawuda da Mairama da mijinta suna gaisuwa, Murja ma ta ce a gaida Alhajin da ba ta sani ba, wanda ya sa dorina ta kusa cinye ta. In ka je Harami ka sa mu a addu'a, ka sa Baba, ka sa Waliyyullahi, ka gaya masa a zuciyarka jikansa ya ƙarasa tafiyar.

Saura magana ɗaya. Ina ba ka zuwa Juma'ar nan, kafin a sauko daga masallaci a nan garin. Kuna riga mu salla, don haka kana da sarari bayan taka. Ka kira Inusa da bakinka ka janye izinin, sannan ka kira ni in ji. In aka sauko ban ji ka ba, da la'asar zan tafi wurin Liman, ni da Dawuda da dattawan da suka ji alkawarinka, in nemi a raba gadon gidan nan. Ban taɓa nema ba, don Baba ya roƙe mu kada a ja katanga a tsakar gidansa, kuma zan ji ciwon saɓa masa har in mutu. Amma gidan da ke gaban masu rabo ba a sare masa ko reshe. A fitar wa Inna tumuninta, ka ɗauki kashi biyu, ni ɗaya, kuma nawa ba na son ɗaki ko ƙofa, ƙasar da tsamiya ke tsaye a kai nake so. Ranar Asabar kuwa Muttaka zai same ni a gindinta kusa da Inna, ina duba takardun 'yan ajina, na dafa masa shayi.

Ban yi zaton za mu kai can ba. Na san yaron da ya hau tsamiyar nan har ƙololuwa don ya mayar da ɗan shamuwar da ya faɗo, ya sauko da yagaggiyar riga da kashin tsuntsu a ka, Baba ya rasa ko ya dake shi ko ya rungume shi. Shi nake rubuta wa. Ka kira kafin a sauko Juma'a, ka zo da yara cikin damina su ga sheƙa cike, baɗi kuma mu fita tariya tare, yanzu da muka san inda ake fuskanta. Suna hanya, Abdulbaƙi. Kada su iso su tarar da kututture.

Wassalam. Taka har kullum, ko da fushi ko babu,

Yayarka,
Zuwaira Ilyasu